Gidan da ke faɗaɗa idan ya tsaya

A Amurka akwai mutane da yawa da gidansu ke kan taya. Wasu tsofaffi ne da suka yi ritaya suka sayar da gida, wasu ma'aikatan jinya ne masu kwantiragin 'yan watanni a asibitoci daban-daban, mafi yawa kuwa iyalai ne da ke fita yawon hutu idan makarantu sun tashi. Motar gida ke nan: a cikinta akwai gado, kicin, firiji, banɗaki, har da talabijin. Wata da injinta take tafiya kamar bas, wata tirela ce da ake ja da a-kori-kura. A shekarar 2021 kaɗai masana'antun ƙasar sun fitar da sama da 600,000, kuma mafi yawansu a arewacin jihar Indiyana aka ƙera su, a garin Elkhart da kewayensa.

Duk mai ƙera irin wannan mota yana fama da matsala guda, kuma ba ta kuɗi ba ce, ta doka ce. A mafi yawan jihohin Amurka faɗin mota a kan titi ba zai wuce inci 102 ba, wato ƙafa 8 da rabi, kusan mita 2.6. Ka cire kaurin bango biyu, ka jingina kujera a wannan gefe, ka kafa kicin a wancan, abin da zai rage a tsakiya ɗan lungu ne da mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya karkace. Tsawo ana iya ƙarawa, har a kai ƙafa 45, amma faɗi doka ta ɗaure shi. To, sai masu dabara suka lura cewa dokar ta titi ce. Motar da ta tsaya a sansani babu ruwan ɗan sanda da faɗinta.

Daga nan aka samo abin da suke kira silaid. Ana yanke wani sashe na bangon motar, a zura masa akwati mai rufi da daɓe da bango uku, kamar dirowar tebur amma mai girman da za ta ɗauki doguwar kujera da teburin cin abinci. A kan hanya akwatin yana ciki, bangonsa daidai da jikin motar. Idan an isa masauki sai a danna maɓalli, cikin ƙasa da minti ɗaya ɗakin ya zuge waje da ƙafa biyu ko uku. Tun da daɗewa akwai tirelolin da ake tura irin wannan da ƙarfin hannu, amma mai aiki da lantarki a babbar motar gida ana danganta shi da Mahlon Miller na kamfanin Newmar da ke Nappanee a Indiyana, wajen 1990. Ba a jima ba sauran kamfanoni suka bi sahu. Yau ka shiga filin dillali a Ohayo ko Tekzas, babbar motar da ba ta da shi ita ce baƙuwa. Akwai masu uku, masu huɗu, akwai ma wadda kusan bangon gefe guda gaba ɗaya ke fita.

Ban raina wannan dabara ba, don na kwana a motar da ke da ita na kuma kwana a wadda ba ta da ita. Ƙafa uku a baki ba komai ba ce, amma a cikin mota ita ce bambancin lungu da falo. Ni ma'aunina shi ne sallaya. A motar da muka taɓa haya marar silaid, duk lokacin salla sai an tashi yara sun hau gado, an naɗe tebur, sannan a samu inda za a yi sujada, alƙibla kuwa ba ta san da tsarin kujerunka ba. In akwai ruwan sama, waje ma ba zaɓi ba ne. A mai silaid kuwa, ni da uwargida muka tsaya, ga wuri har ya rage. Haka batun girki: mai tuƙa tuwo ko juya miya na bukatar a bar mata baya, ba kowane minti a ce "ɗan matsa in wuce" ba. Iyalin da za su yi mako biyu wuri ɗaya, da yara uku da ranakun da hadari zai kulle su a ciki, wannan faɗin shi ke hana faɗa. A ɗakin kwana ma yakan ba da damar zagaya gado ta gefe biyu, abin da tsoho mai ciwon gwiwa ya fi kowa sanin darajarsa da tsakar dare.

Akwai kuma ribar da ba a cika faɗa ba. Mota mai ƙafa 26 da silaid biyu tana iya ba ka wurin zama kusan na doguwa marar shi, ga sauƙin juyawa a gidan mai, ga samun gurbi a sansanonin da ke ƙayyade tsawo. Ranar sayarwa kuma, a kasuwar Amurka dai, masu saye shi suke fara tambaya.

Sai dai duk wannan an saye shi ne da rami a jikin bango, kuma ruwa ba ya manta rami. Abin da ke tsakanin ɗakinka da ruwan sama roba ce layi biyu: ɗaya mai lebe da ke share jikin akwatin yayin shiga da fita, ɗaya mai kumburi da ke matsewa idan ya kai ƙarshe. Rana tana cin roba. Masu zuwa Quartzsite a hamadar Arizona kowane Janairu, inda dubban motocin gida ke taruwa gudun sanyin arewa, sun san yadda rana da ƙura ke busar da ita har ta tsage. Mugun abin shi ne yoyon ba ya zuwa da shela. Ruwa kaɗan-kaɗan yake bi ta kusurwa, ya shige ƙarƙashin kafet, ya jiƙa katakon daɓe, sai bayan watanni ka taka ka ji ƙasa ta yi laushi. Kafin nan ruɓa ta yi nisa, gyaranta kuwa sai an zare akwatin gaba ɗaya da injin ɗaga kaya. Rufin silaid a shimfiɗe yake, ganye da tsinke da ƙanƙara na taruwa a kai. Ka mayar da shi ciki ba ka share ba, da hannunka ka jawo wa robar abin da zai yage ta. Shi ya sa ake sa masa 'yar rumfa mai naɗe kanta, ita kuma a dare mai iska ba za ta bar ka ka yi barci ba saboda kaɗawa.

Injin da ke tura silaid iri-iri ne, kowane da halinsa. Akwai tsohon yayi mai sandunan ƙarfe masu haƙora a ƙarƙashin daɓe, ga ƙarfi ga nauyi. Akwai mai igiyoyin waya da kura, marar nauyi, amma igiya tana saki sai an riƙa ɗaure ta. Manyan ɗakuna ana tura su da ƙarfin mai, irin tsarin da ke ɗaga bayan tifa, shi kuma cutarsa yoyon mai. Wanda ya fi yawa a ƙanana da matsakaita shi ne Schwintek na kamfanin Lippert: ƙananan injuna biyu a cikin bango, ɗaya dama ɗaya hagu, dole tafiyarsu ta zo ɗaya. Shi ya sa ake gargaɗin kada a saki maɓalli a tsakiyar tafiya, a riƙe har ɗakin ya kai ƙarshe, a ƙara 'yan daƙiƙoƙi. Duka dai sun dogara da batirin 12 bolt, kuma duka suna son motar ta tsaya daidai, ba a karkace ba, kafin a taɓa su.

In firiji ya mutu, ka sayi ƙanƙara ka ci gaba da tafiya. In silaid ya maƙale a waje, tafiya ta ƙare. Wani maƙwabcinmu a sansani, dattijo ɗan Mishigan, ranar Lahadi da safe ya gama haɗa kaya, ya danna maɓalli, gefe ɗaya ya shiga ɗaya ya ƙi. Ga wasu sun riga sun biya kuɗin gurbin suna jira a bakin ƙofa. Ya kira makaniken tafi-da-gidanka, aka ce sai Litinin. A ƙarshe sai da aka cire injin daga haƙoransa, mu maza huɗu muka sa kafaɗa muka tura ɗakin ciki, aka tokare shi da katako don kada ya zame a kan hanya. Kowane irin inji yana da hanyar mayar da shi da hannu, tana rubuce a littafin motar, amma dattijon a ranar ya fara buɗe nasa.

Nauyi ma abin lissafi ne. Akwatin da injinsa da ƙarfen da aka ƙara don tallafe bangon da aka yanke suna kai ɗaruruwan kilo, kuma kowane kilo daga kason kayanka ake cire shi: ruwa, gas, abinci, kekuna, mutane. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka tankin lita 150 kaɗai ya ci 150. Wannan ne babban dalilin da ya sa Turai ba ta rungumi abin ba kamar Amurka. A can lasisin tuƙi na kowa da kowa yana tsayawa ne a kilo 3,500, kuma yawancin motocin gidansu, waɗanda ake ginawa a kan Fiat Ducato da makamantanta, da ƙyar suke zama ƙasa da wannan iyaka ko babu silaid. A Birtaniya wanda ya ci jarrabawar tuƙi kafin 1997 yana da izinin tan 7.5, matashi kuwa sai ya sake wata jarrabawa. Ka haɗa da ƙananan titunan ƙauyukan Faransa da Italiya, da al'adarsu ta kwana nan yau gobe can. Ba wai babu silaid a Turai ba ne: kamfanin Adria na Sulobeniya ya yi wata ƙarama da gadonta ke zugewa ta baya, manyan motocin alfarma na Jamus ma suna da shi. Amma a baje kolin Düsseldorf na shekara-shekara za ka ga hankalin injiniyoyinsu ya fi karkata ga gado mai saukowa daga silin da kujerun gaba masu juyawa. Ko a Amurka, tirelolin Airstream masu jikin alminiyam, da ake yaba wa daɗewa, kusan dukansu ba su da shi.

Sanyi da zafi na shiga ta silaid fiye da ko'ina, don akwatin da ke waje iska na bugunsa ta sama da ƙasa da gefuna, gas ɗin ɗumama ɗaki kuwa da kuɗi ake sayensa. Sansanoni da yawa a gandun dajin gwamnati tun shekarun 1930 aka tsara su, lokacin da tanti ake kafawa. Za ka samu gurbi mai kyau amma bishiya ta tsaya daidai inda falonka zai fito. A filin ajiye motoci na Walmart, inda wasu rassa ke barin matafiya su kwana, ana ganin rashin ta ido ne ka baje ɗakunanka. Ga kuma hatsarin cikin gida: injin bai san ƙofar kabad da aka bari a buɗe ba, bai san kyanwa ba, bai san yatsan yaro ba. A wurinmu doka ce, ba a danna maɓalli sai kowa ya fita waje an ƙirga.

Ra'ayina bai da wuyar faɗa. Abin na mai zama ne, ba na mai yawo ba. Wanda zai kafa a Fulorida daga Nuwamba zuwa Maris, ya saya har da uku, zai more. Wanda kowace safiya zai tayar da inji, ko zai bi hanyar da ba kwalta inda girgiza ke kwance kowane noti, ya nemi marar shi, ko mai guda ɗaya ƙarami. Kuma ba na son wanda aka ɗora wa kicin. Kujera da tebur ba su da jijiya, amma kicin yana jan bututun ruwa, da na gas, da wayoyin wuta, duk suna lanƙwashewa suna miƙewa a kowace fita da shiga, a wurin da ido ba ya kaiwa.

Dillali kullum a buɗe zai nuna maka motar, fitilu a kunne, furanni a kan tebur. Ka ce ya rufe. Sannan ka gwada tafiya daga kujerar direba zuwa banɗaki, ka gwada buɗe firiji, ka ga ko gadon zai kwantu. Akwai motocin da idan an rufe su kujera ke haɗewa da kicin ta toshe hanya ɗungurungum, ta yadda ko ruwan sha ba ka isa ɗauka a bakin titi sai ka nemi inda za ka zuge ɗaki. In ta hannu ce za ka saya, ka sa a fitar da shi a mayar a gabanka kana saurare, ka leƙa ƙarƙashi da tocila, ka danna kusurwoyin daɓen da babban yatsa, musamman na wajen da ke kusa da robar.