Matsalar harshe a horon masu ilimin halayyar ɗan Adam: misalin Maraɗi

Ɗalibin Nijar da ya nufi aikin sauraren masu damuwa da masu taɓin hankali, da Faransanci yake karatunsa, tun daga firamare har babban digiri, ko a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai ko a ƙetare. Amma in aiki ya kai shi Maraɗi, da Hausa mara lafiya zai yi masa bayani. Daga nan matsala take farawa.

Alal misali, an koya masa kalmar « dépression » da alamominta. Bahaushe kuwa ba shi da kalma guda da ta yi daidai da ita. Yakan ce ransa ya ɓaci, ko baƙin ciki ya dame shi, ko tunani ya yi masa yawa. Rai daban, zuciya daban, hankali daban, kurwa kuma daban, kuma ba su faɗa kan « âme », « cœur » da « esprit » ɗaya bayan ɗaya ba. Wanda ya fassara duka da hauka ya yi ɓarna, domin kalmar kan sa dangi su ɓoye mara lafiya.

Akwai kuma kunya. Matar Jiratawa da ta ƙi faɗin sunan mijinta ko na ɗanta na fari, ladabi ta yi. Wanda bai san al'ada ba sai ya rubuta shi a matsayin alamar ciwo.

Ba wai ba a taɓa bincike ba. Jacqueline Nicolas ta yi nazarin bori a kwarin Maraɗi, aikinta ya fito a 1967 da 1972. An kuma san matsayin Inna a Tibiri da na Iya a Maraɗi wajen shugabancin ƴan bori, waɗanda ke da nasu sunayen cututtukan iskoki. A Dakar, Henri Collomb ya nemi fahimtar masu maganin gargajiya a asibitin Fann tun shekarun 1960. Sai dai da Faransanci aka rubuta waɗannan ayyuka.

Ke nan ya kamata a sa darasin Hausar asibiti cikin tsarin horon. Kafin haka sai an tattara kalmomin daga bakin marasa lafiya, malamai da ƴan bori, a Tibiri da Jiratawa da birnin Maraɗi, kowace cikin jimlar da aka ji ta, sannan a tace waɗanda za su shiga littattafan yaƙi da jahilci.