Ruwan ƙwallaye da kujerar koci

Duk ƙungiyar da aka yi wa ruwan ƙwallaye, kafin 'yan wasanta su gama kwance takalma an riga an yanke hukunci a bakin fili: a kori koci. Haka ake yi a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, haka ake yi a filayen makarantun Burumburum da Tudun Wada da Kiru, inda kocin ma sau da yawa malamin wasanni ne, ko wani tsohon ɗan wasa da ya ɗauki aikin don sha'awa ba don albashi ba. Abin tambaya shi ne, daga cikin ƙwallo bakwai ko tara da aka zura, nawa ne na koci?

Bari mu fara da wani wasa da ba mu da shi, domin a nesa an fi ganin abu ba tare da son rai ba. A Amurka da Kanada jami'o'i na fafatawa a wasan hoki na kan ƙanƙara. Mutum shida ne a kowane ɓangare har da gola, suna zamiya da takalma masu kaifi a ƙasa, suna kora wani ɗan faifan roba da sanda. Zango uku ake yi, kowanne minti 20. Saboda tsananin gudu, ɗan wasa ba ya cika yin minti ɗaya a fili sai an canja shi, wasa na ci gaba. Wato hannun koci yana cikin wasan kowane lokaci, fiye da yadda yake a ƙwallon ƙafa. Idan akwai wasan da ya dace a ɗora wa koci laifin komai, to wannan ne.

Amma dubi ƙungiyar Jami'ar Alabama da ke Huntsville. A kakar 2013 zuwa 2014 ta buga wasa 38, ta ci biyu, ta yi canjaras ɗaya, aka doke ta sau 35. Mai horarwa Mike Corbett sabon zuwa ne a shekarar, kuma shi ne na huɗu da ya riƙe ƙungiyar tun daga 2010. Kafin zuwansa, rukunin gasar da ƙungiyar take ciki ya rushe a 2010, ta yi shekara uku tana neman abokan karawa nan da can. A 2011 hukumar jami'ar ta sanar da cewa za ta sauke ƙungiyar daga babbar gasa, daga baya aka janye. Wane matashi mai hazaƙa ne zai bar Kanada ya tafi makarantar da ba a san ko ƙungiyarta za ta kai baɗi ba? Ba a kori Corbett ba. A kakar da ta biyo baya ya ci wasa takwas. Duk da haka a 2021 aka dakatar da ƙungiyar, don rashin rukunin gasa, abin da babu kocin da zai iya gyara shi da usur.

Mu dawo gida. Magoya bayan Kano Pillars ba su manta da 2009 ba, shekarar da Sai Masu Gida suka fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, suka kai wasan kusa da na ƙarshe. A nan ne Heartland ta lallasa su da ci 4 da nema a Owerri, ta zo Kano ta ƙara musu ɗaya. Ƙungiya ɗaya, kaka ɗaya, ga abin alfahari ga abin kunya. Bayan haka Pillars ta ɗauki kofin Firimiya sau uku a jere, 2012 da 2013 a hannun Baba Ganaru, 2014 a hannun Okey Emordi. An canja koci a tsakiya amma kofi bai bar Kano ba, domin ginshiƙan ƙungiyar, irin su Rabi'u Ali Pele da Gambo Muhammad da gola Theophilus Afelokhai, suna nan tare, kowa ya san inda ɗan'uwansa zai tsaya.

Kwatanta wannan da abin da ya biyo bayan kofin Aiteo na 2019, wanda Ibrahim Musa ya ciyo. Daga 2020 zuwa 2025 kujerar ta ga Bafaranshe Lionel Soccoia, ta ga Ibrahim Musa ya dawo, ta ga Salisu Yusuf, Evans Ogenyi, Abdu Maikaba da Usman Abdallah. Babu ɗan koyo a cikinsu. A 2022 ƙungiyar ta faɗa gasar 'yan dagaji, karo na farko a tarihinta na baya-bayan nan da magoya baya suka ɗanɗana wannan baƙin ciki. Wanda ya ce koci ne ya jefa ta sai ya tuna cewa filinta ya zama wurin killace masu cutar korona a 2020, ta koma buga wasannin gida a Kaduna, sannan hukumar gasa ta zabtare mata maki saboda tarzoma da cin zarafin alƙalin wasa. Ba koci ne ya yi jifa ba.

To me ya sa korar koci take kama da tana aiki? Akwai dalili na lissafi. Ba a korar mutum sai ƙungiya ta kai ƙarshen lalacewa, lokacin da rauni da rashin sa'a da haɗuwa da manyan ƙungiyoyi suka taru wuri ɗaya. Irin wannan haɗuwar ba ta daɗewa. Mai rauni zai warke, ƙwallon da ta bugi turke makon jiya za ta shiga makon gobe, sai sakamako ya koma kusa da ainihin ƙarfin ƙungiyar, ko an canja koci ko ba a canja ba. Wani masanin tattalin arziki ɗan ƙasar Holan, Bas ter Weel, ya bi kakanni 18 na gasar ƙasarsu, ya kwatanta ƙungiyoyin da suka kori koci a lokacin faɗuwa da waɗanda suka yi haƙuri da nasu. Ya tarar duka biyun sun farfaɗo kusan daidai wa daida. Sabon koci dai kamar mai maganin da aka kira ne zazzaɓi na dab da sauka, shi ake yi wa godiya.

Akwai kuma ruwan ƙwallayen da ba shi da alaƙa da horarwa ko kaɗan. A watan Yulin 2013, a wasannin neman hawa mataki da aka yi a Bauchi, Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da nema, Police Machine kuma ta ci Babayaro 67 da nema. Da aka tafi hutun rabin lokaci, wasan farko 7 da nema ne kawai, na biyu kuma 6 da nema. Ƙwallo 72 a minti 45 na nufin ana zura ɗaya duk bayan daƙiƙa talatin da 'yan kai, har da ɗauko ta daga raga a kai tsakiya. Hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta haramta wa 'yan wasan da jami'an wasa har abada, ƙungiyoyin kuma shekara goma.

Kada a ce na wanke koci tas. Yana da nasa kason, kuma kason yana bayyana ne bayan ƙwallo ta biyu. A doke ka da biyu, ƙarfi ne ya fi ƙarfi. A doke ka da bakwai, yawanci tsari ne ya watse. Ranar 8 ga Yulin 2014 Jamus ta zura wa Brazil huɗu cikin kimanin minti shida, aka tashi 7 da 1. 'Yan baya sun bar gida sun tafi neman ramuwa, tsakiya ta zama hanya, kuma babu wanda ya tsayar da su daga benci. Luiz Felipe Scolari ya bar aiki, kuma ba a zalunce shi ba. Koyar da yara abin da za su yi idan an ci su, su matse, su riƙe ƙwallo, su numfasa, aikin koci ne da ake yi ranar atisaye. Wanda bai yi ba, ihun da yake yi a bakin layi ba zai maye gurbinsa ba.

A garuruwanmu na kudancin Kano wannan ne wurin da ya fi ciwo. Ƙasar noma ce. Da damina yaron da ya wuni a gonar masara ba ya zuwa fili da ƙafar gudu, da kaka kuma girbi ne a gaba. Gasar hutu tana zuwa ne kwatsam, idan wani mai neman kujera ya sa kofi, sai a tattaro yara a mako guda. A wasannin makarantu kuwa kowa ya san yadda ake shigo da gardi mai gemu a ce ɗan aji uku ne. Sai a ci makaranta ƙwallo tara, a koma a tsine wa malamin wasanni, wanda wataƙila ƙwallo ɗaya aka ba shi duk shekara, kuma bai taɓa samun kwas na horarwa ba, balle lasisin CAF ko takardar Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas.

Kirana ga shugabannin ƙananan hukumomin Tudun Wada, Doguwa, Kiru da Bebeji, da masu sa kofi: a cire wani abu daga kuɗin bikin rufe gasa a tura malaman wasanni kwas, a tantance shekarun yara kafin a busa usur, a fitar da jadawali da wuri yadda ba zai ci karo da aikin gona ba. Wanda aka ba ƙungiya kuma a bar shi ya yi kaka biyu cur kafin a auna shi.