Shekara 10 a gidan yari saboda tuta? Abin da doka ta ce da abin da aka ƙara mata

Har yau a majalisun Hanwa da teburan masu shayi na Kwangila a Zariya akwai masu rantsuwa cewa duk wanda ya wulaƙanta tutar Nijeriya, ko ya ƙi rera taken ƙasa, zai sha ɗaurin shekara 10 ko tarar naira miliyan 5. Maganar tana da tushe, amma ba doka ba ce. Ƙudiri ne da Kakakin Majalisar Wakilai, Abbas Tajuddeen, mai wakiltar Zariya, ya gabatar a 2024. Da jama'a suka yi masa ca, sai ya janye shi a watan Agustan shekarar. Labarin gabatarwar ya zaga WhatsApp lungu-lungu, na janyewar kuwa bai samu masu turawa ba.

Dokar da ke aiki ita ce ta Tutoci da Tambarin Ƙasa, wadda aka gada tun 1960. Tarar da ta yanka naira 100 ce, da ƙarin naira 10 a kowace rana idan mutum ya ci gaba da laifin. Lokacin da aka yanka kuɗin yana da nauyi, yau ko kofin shayi da madara ba zai saya ba. Abin lura shi ne laifin da dokar ta ambata ƙarara: ɗaga tuta yagaggiya ko wadda ta lalace. To, wa ke aikata wannan? Mutum ya bi titi daga Sabon Gari zuwa Samaru yana duban sandunan makarantu da ofisoshi. Zai ga wadda ruwan damina ya kaɗe wa launi, ƙurar hunturu ta mayar da farinta ruwan ƙasa, iska ta tsefe bakinta, tana nan a sama dare da rana tun ranar da aka ɗaura ta. A ganina wannan ne ainihin cin mutuncin tuta a garin nan, kuma masu yin sa galibi hukumomi ne, ba talakan da ake tsoratarwa da kurkuku ba. Sashe na 24 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa kowane ɗan ƙasa girmama tuta, bai ware shugaban makaranta ko babban ma'aikaci ba.

Batun cewa ba a barin tuta ta kwana a sama gaskiya ne. Ƙa'idar ita ce a ɗaga da safe, a sauke da faɗuwar rana, a naɗe ba tare da ta taɓa ƙasa ba. Wanda ya taɓa shiga barikin Basawa ko Dafo da yamma ya san yadda ake yi: ana busa bigila kowa zai tsaya cak har a gama saukewa.

Amma cewar idan ta taɓa ƙasa sai an ƙone ta, wannan ƙari ne. Jita-jitar ta fi yawa a Amurka, kuma ko can dokarsu ba ta faɗi haka ba. Tuta ta faɗi, a ɗauke ta, a kakkaɓe, in ta yi datti a wanke a goge. Wadda ta tsufa ta ƙi gyaruwa ita ake ƙonewa cikin mutunci, a keɓe, don kada ta koma tsumman goge babur.

Tutar ƙasashen waje fa? A nan sai an yi hattara. A zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024, wadda ta kai ga dokar hana fita ta awa 24 a Kaduna da Zariya, an ga matasa da tutar Rasha a Kano da Kaduna da Katsina. Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Christopher Musa, ya kira abin cin amanar ƙasa, aka kama mutane har da teloli. A watan Nuwamba aka gurfanar da wasu a Abuja, cikinsu da ƙananan yara da suka yanke jiki suka faɗi a kotu, kafin Shugaba Tinubu ya ba da umarnin sakinsu. Saboda haka kamen ya faru, ba ƙarya ba ne. Ƙaryar ita ce cewa ganin tutar wata ƙasa a wurinka kawai ya zama cin amana. Otal-otal da ofisoshin jakadanci suna ɗaga su kullum. Sharaɗin da aka sani shi ne kada wata tuta ta ɗara ta Nijeriya tsawo a cikin ƙasarta.

Saukar da tuta rabin sanda ma ana yin sa ba daidai ba. Lokacin makokin kwana 7 na Muhammadu Buhari a Yulin 2025, wurare da dama sun ja ta zuwa tsakiya kai-tsaye suka ɗaure. Yadda ake yi shi ne a kai ta ƙololuwa tukuna, sannan a sassauto. Saudiyya ba ta sassauta tata ko sarki ne ya rasu, saboda kalmar shahada da ke jiki. Tamu babu rubutu, don haka hukuncin bai shafe ta ba.

Babu kuma tambari a jikin tutarmu. Wadda masu talla ke sayarwa gab da 1 ga Oktoba, mai dawaki biyu da mikiya a tsakiya, ba ita ce tutar ƙasa ba. Tutar ƙasa kore, fari, kore ce zalla, tsawonta ninki biyu na faɗinta. Kuma ba Bature ya zana ta ba. Michael Taiwo Akinkunmi ne, yana ɗalibi a Landan a 1959, ya ci gasa aka ba shi fam 100. A zanensa akwai jar rana a tsakiyar farin, alƙalan gasar suka cire ta. Bai samu lambar girmamawa ta ƙasa ba sai a 2014, ya rasu a 2023 yana da shekara 87.