Asusun 401(k): yadda ajiyar ritaya ke rage wa ƴan Nijar mazauna Amurka haraji

Ɗan Nijar da ya samu aikin albashi a New York ko Greensboro, cikin takardun farko da kamfani ke miƙa masa akwai ta asusun ritaya mai suna 401(k). Wanda ya saba da tsarin CNSS a gida, inda ake cire kuɗin fansho dole ba tare da an tambaye shi ba, a nan shi ne zai faɗi kashi nawa za a cire daga albashinsa. Wannan zaɓi kuwa yana shafar harajin da zai biya a shekara.

Asusun ya samo sunansa daga wani sashe na dokar harajin Amurka da aka ƙara a 1978. A tsarin da aka fi sani, ana cire kuɗin ajiyar kafin a lissafa harajin albashi na tarayya. Misali, ma'aikacin da ke matakin haraji na kashi 12 cikin 100, in ya zuba dala 6,000 a shekara, harajinsa zai ragu da dala 720. Wanda ke matakin kashi 22 kuma zai samu ragin dala 1,320. A 2025, hukumar haraji ta IRS ta ƙayyade dala 23,500 a matsayin iyakar abin da ma'aikaci zai zuba, da ƙarin dala 7,500 ga masu shekara 50 zuwa sama.

Kamfanoni da dama suna ƙara nasu kason a kan abin da ma'aikaci ya zuba, har zuwa wani adadi na albashi. Wanda bai zuba ko da wannan adadin ba, ya bar haƙƙinsa a hannun kamfani. Sai dai wasu kamfanonin ba sa mallaka wa mutum kasonsu sai ya yi wasu shekaru a bakin aiki.

Harajin ba yafe shi aka yi ba, jinkirta shi aka yi zuwa ranar da za a cire kuɗin. Wanda ya cire kafin ya kai shekara 59 da rabi, galibi zai biya harajin tare da tarar kashi 10 cikin 100. Akwai kuma nau'in Roth, wanda ake biyan haraji tun farko, sannan a cire kuɗin ba haraji bayan ritaya in an cika sharuɗɗa.

A nan ne mai niyyar komawa gida ya kamata ya yi lissafi. Kuɗin da ke cikin asusun ba na gina gida a Maraɗi ko aika wa iyaye a Tahoua ba ne a shekara mai zuwa. Haka kuma babu yarjejeniyar haraji tsakanin Amurka da Nijar, don haka wanda ba ɗan ƙasa ba, ya kuma bar zama a Amurka, ana iya riƙe masa kashi 30 cikin 100 a lokacin cirewa.

Saboda haka, ga mai ɗawainiyar iyali a gida, abin da ya fi dacewa shi ne ya fara zuba abin da zai jawo masa cikakken kason kamfani, ya ware kuɗin ko-ta-kwana a wani asusun da hannunsa zai iya kaiwa, sannan ya ƙara kason ajiyar duk lokacin da albashi ya ƙaru.