Kafin Ka Sayi Na'urar Binciken Mota, Duba Motarka Tukuna

Da kaka ta yi, motocin yankin Funtua da Malumfashi ba sa hutawa. Ana kwaso masara da waken suya da auduga daga Dandume da Bakori da Ƙafur, a bi hanyoyin birji masu ƙura kafin a hau kwalta. A irin wannan lokaci ne 'yar fitilar nan mai ruwan ɗorawa, mai siffar inji, take kamawa a gaban direba. Wani ya manna mata baƙin salatif don kada ta dame shi. Wani ya garzaya gareji, rewaya ya dubi motar ya ce, "Alhaji, wannan sai an sa mata kwamfuta." Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, motar da ke shan mai fiye da ƙima ta zama ciwon kai na gaske, shi ya sa masu taɓa gyara da hannunsu suka fara tambayar ko za su iya mallakar wannan kwamfuta. Za su iya, kuma ƙaramarta ba ta kai kuɗin cika tanki sau ɗaya ba.

Asalin abin dokar hayaƙi ce. Daga 1996 Amurka ta wajabta wa duk ƙaramar motar da za a sayar a ƙasarta tsarin da ake kira OBD-II, wato ƙwaƙwalwar motar ta riƙa lura da injin, ta ajiye lambar duk matsalar da ta gani, sannan a samar da soket iri ɗaya mai rami 16 da kowace na'ura za ta iya shiga. Turai ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur, a 2004 ga na dizal. Soket ɗin yawanci yana ƙarƙashin sitiyari, daidai gwiwar direba.

Waɗannan shekaru su ne abin da mai saye zai fara riƙewa. Camry ko Corolla ko Accord ko Sienna da aka shigo da ita daga Amurka, in dai ƙirar 1996 ce zuwa sama, kusan kowace na'ura za ta karanta ta. Amma Golf 3, wadda ta daɗe tana ɗaukar fasinja da buhuna a hanyar Funtua zuwa Yashe, ta riga dokar Turai fitowa. Wata za ka ga soket ɗin a jikinta, ka jona na'ura ta ƙi magana, domin tsarin Volkswagen ne na kansu, sai da waya da manhaja irin ta VCDS. Peugeot 504 mai kabireta kuwa ba ta da ƙwaƙwalwar da za a tambaya, haka ma tsofaffin taraktocin da ke huɗa a gonakinmu. Manyan motocin kaya masu lantarki bolt 24 nasu na'urorin daban ne, kada a jona musu ta ƙaramar mota.

Mafi araha a kasuwa ita ce 'yar ƙaramar nan da ake kira ELM327, wadda ake cusawa a soket ta haɗu da wayar hannu ta Bluetooth, a buɗe manhaja kamar Torque ko Car Scanner. Wani kamfanin Kanada ne ya ƙirƙiro ta, amma kusan duk waɗanda ke yawo a kasuwanninmu kwaikwayo ne daga Sin, kuma ingancinsu ya sha bamban. Wata ta yi aiki lafiya, wata ta karanta motar maƙwabcinka ta ƙi taka. Araha ba ta ado, don haka kada ka biya sai an gwada a jikin motarka. Mai iPhone ya nemi mai WiFi ko sabon samfurin Bluetooth, don tsohon ba ya haɗuwa da ita. A kuma cire ta bayan an gama, saboda soket ɗin yana da wuta ko mota na kashe, za ta iya shanye batir in motar ta daɗe a ajiye.

Sama da ita akwai masu nasu allon da waya a jiki, na kamfanoni irin su Autel da Launch da Ancel da Foxwell. Ba sa buƙatar wayar hannu ko intanet, kuma daga motar suke samun wuta. Ga wanda ke ƙauye, ni wannan nake fifitawa. Sai dai a sani, ƙananan cikinsu injin kawai suke dubawa, ba sa shiga birkin ABS ko jakar iska. Manyan masu kamar allon kwamfuta, masu saita makulli, na masu gareji ne. Mai mota ɗaya ba shi da dalilin zuba kuɗin taki a kansu.

Abin da na fi so mai saye ya nace a kai shi ne na'urar ta iya nuna bayanan injin kai tsaye yana aiki. Ga dalili. Lambar da na'ura ke fitarwa kamar ma'aunin zafin jiki ce a kemis: ta tabbatar akwai zazzaɓi, ba ta faɗi cutar ba. Ɗauki P0171. Ma'anarta iska ta yi wa mai yawa a cikin inji. Da yawa da sun gan ta sai su aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna a sayo sabon sensa. Alhali a ƙasar da ƙurar hunturu ke shiga ko'ina, sau da yawa datti ne ya rufe sensan da ke auna iska bayan filta, ko wata 'yar robar tiyo ta tsage tana zuƙo iska, ko famfon mai ya yi sanyi. Na'urar da ke nuna yawan man da ƙwaƙwalwa ke ƙarawa don cike gibi ita ce za ta raba gardama. In ƙarin ya wuce kashi 10 cikin 100 a silo, amma ya sauko da an taka totur, to a nemi inda iska ke shiga, a bar sensa ya huta.

Haka batun zafin ruwan inji. Al'ada ce a garejinmu a cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye, wai don ƙasarmu na da zafi. Injin zamani an gina shi ne ya yi aiki a wajen digiri 90. In na'ura ta nuna yana tsaye a 60 ko 70 bayan doguwar tafiya, ƙwaƙwalwa za ta ɗauka har yanzu injin bai ɗumama ba, ta ci gaba da zuba mai da yawa. Mai motar yana ta zargin gidan mai, alhali asarar daga ƙarƙashin bonet take. P0420 kuma kan fito ne idan matatar hayaƙi ta salansa, wadda makanikai ke kira indomi, ta mutu ko an fafe ta an sayar. P0301 na nufin silinda ta ɗaya ba ta ƙona mai daidai, a duba fulogi da kwayil da nozul. Idan fitilar tana ƙyaftawa maimakon ta tsaya cak, a faka motar, ci gaba da tafiya ɓarna ce.

Maɓallin goge lamba shi ne inda ake cutar mutane. Gogewa ba gyara ba ce, fitilar za ta dawo. Wasu masu sayar da mota 'yar Kwatano kan goge kafin mai saye ya iso. Na'ura mai kyau tana tona wannan, domin bayan gogewa takan nuna cewa gwaje-gwajen da mota ke yi wa kanta ba su kammala ba. Wannan kaɗai ya isa ya mayar maka da kuɗinta a ciniki ɗaya.

Don haka, mai karatu, duba shekarar motarka da ƙasar da aka ƙera ta domin ta, leƙa ƙarƙashin sitiyari ka ga soket, sannan ka je kasuwa da motar. Ka rubuta lambar a takarda kafin ka goge, ka kai wa bakanikenka ku tattauna. Shi ma ƙanenka ko ɗanka da ke koyon aiki a gareji, in da hali, saya masa ɗaya ya fara sabawa da ita tun yanzu.