Farar Riga da Robe Blanche: Sifa a Hausa da Faransanci

Yaron da ya shiga aji a Maraɗi ko Damagaram bai zo wa nahawun Faransanci hannu rabbana ba. Tun kafin ya riƙe alli ya san ana cewa farin doki, farar riga, fararen shanu. Dokar da malami zai yi gumi kafin ya cusa wa ɗan Ingila, cewa sifa tana bin jinsin suna da adadinsa, shi a nono ya sha ta. In aka rubuta masa cheval blanc da robe blanche, ya ga ɗan gida.

Sai dai zumuncin bai yi nisa ba. Hausa in ta kai jam'i sai ta yafe jinsi: fararen dawaki, fararen riguna. Faransanci ba ya yafewa: chevaux blancs, robes blanches. Jinsin ma kowa da nasa. Rana mace ce a wurinmu, soleil namiji ne. Wata da gida maza ne, lune da maison mata. Wasalin "a" na ƙarshen suna, wanda sau da yawa yake nuna mana mace, ba shi da takwara mai sauƙi a can. Dole a haddace suna tare da le ko la ɗinsa.

Inda aka fi shan kashi, a ganina, shi ne kunne. A Hausa duk abin da sifa ta canza ana jin sa. Wanda ya ce "farin riga" ko yara za su yi masa dariya. A Faransanci kuwa joli, jolie, jolis da jolies lafazinsu ɗaya ne tak. Ɗalibi zai yi magana tsaf, ranar shifta ta zo jan biro ya cika takardarsa, don ya dogara da kunnen da bai taɓa yaudararsa ba. Sauƙin abin, wasu sifofin suna tona kansu: petit ba a furta "t" ɗinsa, a petite kuwa ya fito sarari. Da irinsu ya kamata a fara.

Batun mazauni kuma, Hausa ta sakar mana mara: farar riga ko riga fara, ma'ana ba ta tashi, sai ɗan ƙarfafawa. Faransanci yana ajiye yawancin sifofi bayan suna, musamman na launi da siga da asali: une table ronde, un élève nigérien. Wasu 'yan gajeru da ake yawan amfani da su, irin su bon, petit, jeune da beau, su ne ke shiga gaba, har beau ya koma bel in sunan namiji ya fara da wasali: un bel arbre.

Wasu kuma in suka sauya wuri, ma'ana ta sauya. Un grand homme babban mutum ne, un homme grand dogo ne kawai. Un pauvre homme abin tausayi ne, ko da kuɗinsa. Un homme pauvre shi ne matalauci. Kuskuren "e" da aka manta maki ɗaya yake ci, wannan kuwa zance yake juyawa: wanda ya so ya ce ma propre chemise, wato rigarsa ta kansa, ya ce ma chemise propre, ya sanar da jama'a ne cewa rigar wankakkiya ce.