Yadda Ake Cin Gasa da Hoton Taurari



Wata rana da aka ɗauke wuta da daddare, na ari wayar yayana na ɗauki hoton sama, saboda taurari sun fito fes. Da na duba, babu komai sai baƙi ƙirin. Na ɗauka wayar ce ba ta da kyau. Ashe ni ce ban san yadda ake yi ba. Wannan ne ya sa na bincika, har na gano cewa akwai gasar duniya ta irin wannan hoto.

Ana shirya gasar ne a Landan, babban birnin Ingila. Tsohuwar cibiyar nazarin taurari ta Greenwich ce take shirya ta duk shekara tun 2009. Wanda ya zo na ɗaya gaba ɗaya yana samun fam 10,000, kuma ana baje hotunan da suka yi fice a gidan tarihi don jama'a su kalla. Akwai ɓangaren wata, da na rana, da na gungun taurari, har da na yara 'yan ƙasa da shekara 16.

To mene ne sirrin? Haƙuri ne. Hasken taurari yana iso mana da rauni ƙwarai saboda nisa. Kyamara kuwa kamar bokiti ce a ƙarƙashin yayyafi. Idan ka ajiye ka ɗauke nan take, ba za ka samu ruwa ba. Idan ka bar shi ya daɗe, sai ya taru. Haka masu gasar suke barin idon kyamara a buɗe yana tara haske. Amma akwai matsala: duniya tana juyawa, don haka idan an daɗe sai taurarin su fito kamar zane-zanen layi. Shi ya sa suke ɗora kyamarar a kan na'ura mai juyawa a hankali tana bin taurarin. Bayan haka sai su haɗa hotuna masu yawa na wuri ɗaya a kwamfuta, su fitar da guda ɗaya mai kyau.

A 2023, wasu mutum uku, Marcel Drechsler da Xavier Strottner da Yann Sainty, suka ci gasar da hoton gungun taurarin Andromeda. Haskensa yana tafiyar shekara wajen miliyan biyu da rabi kafin ya iso idonmu. Mutane sun sha ɗaukar hotonsa, amma su ukun nan sun gano wani ƙaton gajimaren iskar gas mai siffar baka a kusa da shi, wanda ba a taɓa lura da shi ba. Kuma sha'awa ce ta sa su wannan aiki. A ɓangaren yara kuwa, Runwei Xu da Binyu Wang daga ƙasar Sin ne suka yi nasara, kowannensu yana da shekara 14. Shekara ɗaya kawai suka girme ni!

Mu ba mu da irin kayan aikinsu, gaskiya ne. Amma muna da duhu, wanda mazauna manyan birane suke tafiya mai nisa don nemansa, saboda fitilu suna dusashe musu taurari. Ga abin da za ka gwada. Zaɓi daren da babu farin wata, kuma ba a lokacin hazon hunturu ba. Nisanci fitila. Jingina wayar da dutse ko bulo don kada ta motsa ko kaɗan. Kashe filasha, ka kunna tsarin ɗaukar hoton dare idan wayar tana da shi, sannan ka jira. Fara da Zara ko Kaza da 'ya'yanta, tunda kakanninmu ma sun san su.

Ni da na sake gwadawa haka, taurari kaɗan suka fito a hotona. Ba zai ci gasa ba, amma ya fi na farko. Duk wanda ya gwada, ya kawo wa ƙungiyar 'yan jarida nasa mu gani.

Daga 'yar uwarku ta aji biyu, ƙaramar sakandare.